Jita da bes na ƙirar hannu: za su jure hunturun Kano kuwa?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa da ke kaɗa bes, wato jita mai kaurin murya, da kuma jita a situdiyo da wuraren biki a nan Kano. Ya ce ya gaji da kayan kanti, yana tara kuɗi don ya sa wani ƙaramin maƙeri a waje ya ƙera masa tasa da hannu. Yana son ya san ko kuɗin zai biya, me zai ce a yi masa, kuma ko akwai amfani ya gwada wani mai sana'ar katako a gida.

Malam, kafin a zo maganar suna da tsada, abin da zai yanke maka hukunci shi ne iskar garin nan. Yawancin masu ƙera jita a Amurka da Turai suna aiki ne a ɗakin da aka tsare laimar iskarsa tsakanin kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. A wannan laimar katako yakan riƙe ruwa kamar kashi 8 zuwa 9 na nauyinsa, kuma a haka ake yanka shi, a manne shi, a kafa masa ƙarafan firet, wato siraran ƙarafan da ake jerawa a gicciye a wuyan jita don danna tsirkiya. To a Kano, daga Disamba zuwa Maris laima takan sauka ƙasa da kashi 20 in rana ta yi, da rana tsaka a Fabrairu da Maris har takan kusanci 10. Ruwan cikin katako sai ya koma kashi 3 ko 4. Agusta na zuwa laima ta haura 70, katakon ya sake shan ruwa ya kai kashi 14 ko fiye. Ka san yadda ƙofar katako take cijewa da damina, da hunturu kuma ta saki har ana hango haske ta gefenta. Haka jita take yi, sai dai ita bambancin rabin milimita ma ji ake yi a yatsa.

Katako ba ya tsukewa ta tsawonsa, ta faɗinsa yake tsukewa. Wannan shi ne tushen kusan duk ɓarnar. Ɗauki jitar da ba ta lantarki ba, mai ƙoƙo. Fuskarta falle ne na katakon sufurus ko sida mai kaurin milimita 2.5 zuwa 3, faɗinsa wajen santimita 40. Ta ciki an manna masa 'yan sanduna a gicciye don su riƙe shi, ga kuma tsirkiyu shida suna jansa da ƙarfin da ya kai kilo 70. Idan iska ta bushe, fuskar tana son ta tsuke da milimita 2 ko 3, sandunan ciki da gefen ƙoƙon sun hana ta. Da farko sai ta lotsa ciki, tsirkiya ta sauko tana gogar firet tana zuza. Ka shafa fuskar sai ka ji layukan katakon sun taso kamar ƙunya-ƙunya. Idan aka bar ta a haka, wata rana da dare sai ka ji ƙas, da safe ka ga tsaga ta taso daga jakin da tsirkiya ke hawa zuwa gindin jita. Abin takaicin shi ne jita mai tsada ta fi mai araha saurin yin haka. Ta kanti mai araha da fale-falen katako aka manne ta, kowane falle na riƙe ɗan'uwansa. Ta ƙirar hannu kuwa tsantsar katako ce, an kuma fiƙe ta siririya da gangan don ta yi amo. Abin da ka biya kuɗi dominsa shi ne abin da hunturu zai fara ci.

Don haka ra'ayina a fili yake. Jita mai ƙoƙo ta tsantsar katako, kada ka sa a ƙera maka sai in ka yarda za ta zauna cikin akwatinta a rufe duk lokacin da ba a hannunka take ba, daga Nuwamba har ruwan farko. In ka san za a rataye ta a bangon situdiyo ana ta yi mata hoto, bar kuɗinka. Bes da jitar lantarki masu dunƙulallen jiki su ne maganar da za a iya yi da kwanciyar hankali, domin jikinsu kauri ne da shi, wajen milimita 45, ba ya tsagewa da sauƙi. Su matsalarsu a wuya take.

Yanzu me ake saye idan an ce ƙirar hannu? Kada ka ɗauka babu inji a ciki. Da yawa daga ƙananan maƙeran suna yanka jiki da wuya da injin da kwamfuta ke sarrafawa, wasu ma suna daidaita firet da na'urar Plek da ake yi a Jamus. Aikin hannun yana wajen zaɓen katako, da sassaƙa bayan wuya ya dace da tafin hannunka, da gyaran bakin kowane firet, da yanka ramukan tsirkiya a ƙashin da ke saman wuya, da kuma lokacin da mutum ɗaya ya zauna ya saurari kayan kafin ya sake shi. In misalin maƙeran kake so, a ɓangaren bes akwai Alembic ta Kalifoniya, wadda aka kafa a 1969, da ke cikin waɗanda suka fara sa da'irar lantarki mai batir a cikin bes. Akwai Fodera a Burukilin ta birnin New York tun 1983, da Sadowsky, da Wal a Ingila, da Mayones a Folan, da Dingwall a Kanada. A jita mai ƙoƙo za ka ji Collings a Tekzas, da Santa Cruz, da Lowden a Ireland ta Arewa. Wasu cikinsu sun girma sun zama ƙananan masana'antu, amma a ƙasansu akwai ɗaruruwan masu aiki su kaɗai waɗanda ba sa fitar da fiye da 'yan kaya kaɗan a shekara. Farashi yakan tashi daga dala dubu uku zuwa dubu goma ko fiye, jira kuma daga 'yan watanni zuwa shekaru.

Ko zai canja maka amo? A bes da jitar lantarki, mafi yawan abin da mai sauraro ke ji yana fitowa ne daga fikof, wato na'urar da ke ƙarƙashin tsirkiya tana ɗaukar motsinta ta mai da shi lantarki, da tsirkiya, da amfilifaya, da yatsunka. Kayan kanti mai matsakaicin kuɗi, in aka daidaita masa firet aka sauya masa fikof, zai kai ka nesa, kuma a wurin biki babu wanda zai bambance. Ribar ƙaramin maƙeri a wurinka guda ɗaya ce babba: za ka iya gaya masa inda kake zaune, ya ƙera maka don nan. Kamfani ba zai saurare ka ba. In ba za ka yi amfani da wannan damar ba, babu dalilin biyan kuɗin.

To ga abin da za ka faɗa masa. Fara da aika masa alƙaluman laimar Kano na wata-wata, ka tambaye shi a laima nawa yake aiki, kuma ko zai iya busar da katakon wuya da allon yatsu, wato fallen gaban wuya da firet ke zama a kai, a ƙasa da yadda ya saba kafin ya kafa firet. Wanda ya saba yi wa mutanen busassun yankuna aiki zai gane nan take. Wanda ya ce maka ai babu komai, katakonsa ba ya motsi, nemi wani.

Wuya ya zama na ɗaurin kusa, wato wanda ake kwancewa daga jiki da sukurori huɗu ko biyar ko shida. Mai wuya da ya ratsa jiki gaba ɗaya yana da kyau a ido, masu shi kuma suna yabon daɗewar amonsa, amma ran da ya murɗe, bes ɗin gaba ɗaya za ka tura ƙasar waje. Na ɗaurin kusa kuwa ka kwance shi, ka sa masa siririn falle a ƙasa ka gyara kwanciyarsa, in abin ya ƙi ka aika wuyan kaɗai ko a ƙero maka wani. Ka ce a haɗa wuyan daga yanka uku ko biyar maimakon guntu ɗaya, a sa masa sanduna biyu na zaren kabon a ciki, sandar ƙarfen da ake ɗaure wuya da ita kuma ta zama mai aiki gaba da baya. Gasasshen katakon mefil, wanda ake gasawa a tanda marar iska a zafin da ya kusa digiri 200, yana shan laima kaɗan kuma ba ya yawan motsi. Illarsa ya fi gautsi, in za a ɗaura masa sukuru sai an fara huda ramin daidai, in ba haka ba ya tsage.

Allon yatsu wuri ne da mutane ke bin kyau su yi asara. Baƙin katakon eboni yana da santsi da kwarjini, amma yana cikin masu saurin tsukewa da tsagewa a bushewa. Rozwud ya fi shi haƙuri, mefil da aka rufe da fenti ya fi su duka jinkirin shan iska, akwai kuma allunan roba da takarda da aka matse waɗanda kusan ba ruwansu da yanayi. Ko wanne ka zaɓa, sa rai da abu ɗaya a hunturun farko: allon zai tsuke, ƙarfen firet ba zai tsuke ba, sai bakinsa ya leƙo ta gefe yana yankar hannu. Ka roƙi maƙerin ya datse ƙafar kowane firet ta yadda ba za ta kai bakin allo ba, ya cike gurbin. In duk da haka sun leƙo, gyaransa ba wuya: a manna tef a kan katako, a bi gefen da lallausan magagari a kwance, a goge da samfefa mai laushi. A yi shi a Fabrairu lokacin da katako ya gama tsukewa, sau ɗaya ya wadatar. Firet na ƙarfe marar tsatsa ya fi dacewa da kai, saboda yana daɗewa bai ci ba, kuma mai iya sauya firet gaba ɗaya da kyau ba a kowace unguwa ake samunsa ba.

Fenti ma akwai magana. Masu son tsohon yayi suna neman naitiro, siririn fenti mai tsufa da kyau. Sai dai naitiro ba ya shiri da robar da ke jikin yawancin sandunan jingina jita, tana narka shi ta bar tabo, haka maganin sauro na shafawa. Turare kuma, wanda mu nan ba ma fita sai da shi, yana da sinadarin da ke cin naitiro da fentin shalak. Ka fesa a riga ka rungumi jita, bayan wata biyu ka ga wurin ya dushe. Fentin foli siriri, wato fentin zamani mai kama da roba, ya fi dacewa da gumi da zafinmu. Wuyan da aka shafa wa mai kawai yana da daɗin hannu, amma iska na shigarsa da fita da sauri.

Tsawon tsirkiya: jita irin ta kamfanin Fender inci 25.5 ce, wato milimita 648, irin ta kamfanin Gibson 24.75. Bes na yau da kullum inci 34, masu tsirkiya biyar da yawa 35 don ta ƙasan ta yi tauri. Dingwall suna jera firet a karkace har tsirkiya mafi kauri ta kai inci 37, amonta kuwa ba a magana, amma tsirkiyar da za ta kai wannan tsawon sai an yi odarta. Haka wasu bes marasa kai da ke buƙatar tsirkiya mai ƙulli a baki biyu. Duk abin da zai sa ka jira jirgi kafin ka sauya tsirkiya, yi tunani sau biyu. Ka kuma faɗi nauyin da kake so a rubuce. Bes da ya wuce kilo 4.5, in ka tsaya da shi daga la'asar zuwa dare, kafaɗarka za ta ba ka labari.

Sai wuta. Gidaje da zauruka da yawa a garin nan babu wayar ƙasa mai aiki a soket ɗinsu, ga janareta, ga cajojin waya da fitilu masu arha suna zuba hayaniya a layi. Fikof mai naɗi ɗaya yana kwasar wannan ƙugin, don haka ka nemi mai naɗi biyu da ke kashe shi, a kuma lulluɓe ramin wayoyin da fallen tagulla a haɗa shi da ƙasa. In bes ɗin mai batir ne, 9 ko 18 bolt, lallai a sa makunnin da zai mayar da shi marar batir, don ranar da batir ya mutu ana tsakiyar aiki. Kuma ka riƙa zare igiya daga jikinsa in ka gama, domin shigarta ce ke kunna da'irar. Wani abu da ya fi amo muhimmanci: tsirkiyun a haɗe suke da ƙasan amfilifaya. In amfilifaya na zubar da wuta kuma babu wayar ƙasa, jikinka ne hanyar, musamman in leɓenka ya taɓa makirufo. Duk ranar da ka ji tsirkiya na ɗan cizonka, ajiye, a kira mai gyaran wuta. Ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallan ƙara su riƙa ƙarar-ƙarar, feshin wanke lantarki ake sa musu, ba man inji ba.

Wajen ciniki, komai a rubuce: irin katako, ma'auni, nauyi, ranar gamawa, da abin da zai faru da kafin alƙalaminka in ya kasa cikawa. Ka tuna cikon kuɗin da dala ko yuro za ka biya shi bayan watanni, naira kuwa ba ta jira, don haka in da hali ka ajiye cikon a kuɗin da za ka biya da shi tun yanzu. In na hannu za ka saya, aika wa maƙerin lambar jikin kayan ya tabbatar nasa ne, domin manyan sunayen nan ana kwaikwayonsu. Batun takarda: rozwud na Barazil yana cikin jerin farko na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke neman ƙarewa, tun 1992, fitar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa sai da izini mai wuyar samu, ka guje shi kawai. Sauran nau'o'in rozwud an sa su a jeri na biyu a Janairun 2017, sannan a ƙarshen 2019 aka cire kayan kiɗan da aka gama ƙerawa daga wannan takurar. Duk da haka ka sa ya rubuta sunan kimiyya na kowane katako a rasit. A turo cikin akwati mai tauri, da inshora, an ɗan sassauta tsirkiya, ka kuma tambayi wakilin kwastan kuɗin fito tun kafin kaya su taso. In da zaɓi, ya iso a Yuni ko Oktoba, lokacin da laimarmu ta fi kusa da ta inda ya fito. Ya iso kuma, bar akwatin a rufe a ɗaki kwana ɗaya kafin ka buɗe.

Kulawa ba ta da tsada. Sayi ƙaramin ma'aunin laima ka sa cikin akwati. Don ka san ko yana faɗin gaskiya, zuba gishiri a murfin kwalba, ɗiga masa ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka rufe su tare a leda marar huji na awa 8 zuwa 12. Ya kamata ya nuna 75, abin da ya ƙaru ko ya ragu shi ne kuskurensa. Da hunturu, sami robar sabulu ka huda murfin, sa soso da aka jiƙa aka matse har ba ya ɗiga, ajiye wajen kan jita a cikin akwati, ka duba shi duk kwana biyu ko uku. Abin nema 45 zuwa 55, amma ko 40 ka riƙe ka tsira. Akwai fakitin Boveda da na D'Addario masu ba da laima su kuma tsotse ta, sai dai a bushewarmu suna saurin ƙarewa, gara a haɗa su da soso. Da damina a cire soson, a goge tsirkiya bayan kowane kiɗa. Na'urar sanyaya ɗaki tana ƙara busar da iska, kada ka ɗauka taimako take. Mota kuma a rana a watan Afrilu cikinta yana haura digiri 60, a nan ne gam ke fara saki, jaki ya ɗago.

Sau biyu a shekara wuya zai nemi gyara, shigowar hunturu da shigowar damina. Danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko da na ƙarshe, ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na 7 ko 8. A jitar lantarki ana son kamar milimita 0.25, daidai kaurin siririyar tsirkiya mai lamba 10, sai ka yanki guntunta ka auna da shi. A bes 0.3 zuwa 0.4. In tazarar ta yi yawa, ɗaure sandar wuya ta hannun dama, in babu tazara sam, sassauta. Kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda, ka gyara sauti, ka jira 'yan awanni ka sake aunawa. In ta cije kada ka tilasta. Kuma alankin da za ka juya sandar da shi ya zama nata: kayan Amurka da inci suke, na Turai da Asiya yawanci milimita 4 ko 5, wanda ya kusa daidai shi ne ke cinye kan kusar. Ka ce maƙerin ya haɗo maka da nasa.

Game da yin ta a gida, ba abin raini ba ne, domin katakon da duniya ke yabo da yawa daga nahiyar nan yake fita. Afara shi ne katakon da ake kira korina, wanda Gibson ta yi jitarta Flying V da shi a 1958, mahoganin Afirka ɗan'uwan maɗacinmu ne, eboni kuma da yawa daga Kamaru yake. Katakon da ya bushe a Kano ya riga ya saba da Kano, wannan riba ce ta gaske. Matsalar ita ce abin da ke kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa don rufi da kujeru aka kawo shi, sau da yawa da sauran ruwansa. Ƙa'idar da aka saba ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri, a jere a inuwa da tazara tsakani, kuma kafin a yanka a auna da na'ura a ga kashi 6 zuwa 8. Maɗacin nan namu ya fi na kurmi nauyi, sai an rarake jikin ta ciki. Obece ba shi da nauyi amma yana da taushi, sukuru na saurin kwancewa a jikinsa.

Inda aikin gida ya fi faɗuwa shi ne jeren firet. Ana raba tsawon tsirkiya da 17.817 a sami firet na farko, a cire, a sake raba abin da ya rage, haka har ƙarshe. A jita mai milimita 648, na farko yana kan 36.4, na 12 kuma a kan 324 daidai, rabin tsawon. Kuskuren rabin milimita ya isa ya sa jitar ta ƙi daidaituwa da fiyano har abada. Saboda haka in za ka gwada, sayo wuya da aka gama da firet ɗinsa da sandarsa daga waje, ka ba ƙwararren kafinta aikin jiki, ka tsaya a kansa wajen ramin da wuya zai zauna da kuma wurin kafa jaki. A auna daga ƙashin saman wuya zuwa firet na 12, a ninka biyu, nan ne layin jakin, a bar wa kowace tsirkiya wurin matsawa baya na milimita 2 zuwa 5 don daidaita sauti.